Mu San Darduma Kafin Mu Taya Ta a Gwanjo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sha'awa da ta fara samun gindin zama a tsakanin masu hannu da shuni na garin nan namu na Kaduna, wato sayen tsofaffin dardumai saƙar hannu daga gidajen gwanjo na ƙasashen waje. Tun da ya kasance mutum yana iya zama a falonsa a Malali ko Unguwar Rimi ya taya kaya a Landan ta wayar da ke hannunsa, sai ga shi waɗanda a da iyakarsu su sayo kafet a Dubai ko su riƙo dardumar salla daga Madina sun fara neman abin da ya fi wannan tsufa da daraja. Ni ina maraba da hakan, domin na yi shekaru ina aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, da aka rufe ta kuma na koma sayar da kafet da darduma, saboda haka na san daɗin da ke cikin taɓa saƙa mai kyau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin mutanenmu suna shiga wannan kasuwa da kuɗi a hannu ba tare da sanin kayan ba, kuma rashin sanin da ke sa mu sayi na wasu da tsada shi ne dai yake sa mu rabu da namu na gado da araha.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne cewa dardumar hannu gida biyu ce, ta birni da ta makiyaya, kuma wanda ya auna su da mudu ɗaya lalle zai zalunci ɗaya daga cikinsu. A biranen Iran irin su Tabriz da Kashan da Isfahan da Kirman, haka kuma a Hereke ta ƙasar Turkiyya, saƙar darduma aiki ne na ma'aikata a ƙarƙashin maigida. Gwanin zane ne yake fara tsara fasalin a kan takarda mai ƙananan gidaje, kowane gida a madadin ƙulli ɗaya, sannan masu saƙa su jeru a gaban katakon saƙa da aka kafa a tsaye suna bin takardar ƙulli bayan ƙulli, wani lokaci a kwashe shekaru kafin a yanke babbar darduma ɗaya. Zaren tsayenta yawanci auduga ne ko siliki, ƙullinta ƙanana ne matsattsu, shi ya sa take iya fitar da furanni da rassa masu lanƙwasa, kuma idan ka ninke ta biyu za ka ga gefen dama ya hau kan na hagu daidai. Wadda ake buga misali da ita a wannan fanni ita ce dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wadda tsawonta ya haura mita 10, faɗinta ya haura mita 5, tana ɗauke da sunan wani Maksud mutumin Kashan da shekarar Hijira 946, wato tsakanin 1539 da 1540. Gidan tarihin ya saye ta a 1893 a kan fam 2,000. Asali tagwaye ne, sai aka yanki sassan ɗayar aka gyara wannan da su, ragowar kuma tana birnin Los Angeles na Amurka. Na kawo wannan ne don mai saye ya san cewa ko sarauniyar dardumai tana da faci, saboda haka abin tambaya game da tsohuwar darduma shi ne ina aka gyara, yaya girman gyaran yake, kuma da wane irin zare aka yi shi.

Dardumar makiyaya kuwa mata ne suke saƙa ta, kuma asali don amfanin gidansu suke yi. Kashkayi na lardin Fars a kudancin Iran, da Baluci na kan iyakar Iran da Afganistan, da Turkumawa na tsakiyar Asiya, da Barbar na tsaunukan Maroko, kowannensu yana da irin tasa. Ulun tumakinsu suke saisayewa su wanke su kaɗa da mazari, su rina shi kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da tukunya za ta ɗauka, sannan su kafa turaku a ƙasa su miƙe zaren a kwance su durƙusa a kai suna saƙa. Babu takarda babu zane, abin da yarinya ta gani a hannun mahaifiyarta shi take yi, ta ƙara da abin da zuciyarta ta ba ta. Idan lokacin tashi ya yi, sai a tuge turakun a naɗe saƙar yadda take a ɗora wa raƙumi ko jaki, sai an sauka a sabon wurin kiwo a sake kafawa, kuma da wuya zaren ya sake miƙewa daidai yadda yake a farko. Wannan ne dalilin da ya sa dardumar makiyaya ba ta cika faɗi ba, za ka ga gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, ko kuma jan da aka fara da shi ya yi duhu ko ya yi haske a tsakiyar fili saboda zaren rinin farko ya ƙare an shiga na biyu. Dillalai suna kiran wannan sauyin launi abrash, kuma wanda bai sani ba zai ɗauke shi aibi har ya nemi a rage masa kuɗi, alhali masana shi suke nema domin shaida ce ta yadda aka yi aikin.

Ba shimfiɗa kaɗai matan nan suke saƙawa ba. Suna yin mangalar jaki, da 'yar jakar gishiri mai siririn wuya don kada dabbobi su sa baki a ciki, da labulen ƙofar tanti, da adon da ake rataya wa raƙumin amarya ranar da za a kai ta. Turkumawa kuma kowace ƙabila tana da tambarinta da ake kira gul, wanda masani yana kallonsa zai ce maka wannan ta Tekke ce, wannan ta Yomut ce, har ma tutar ƙasar Turkumenistan tana ɗauke da irin waɗannan tambura guda 5. A ganina, wanda yake son fara tara tsofaffin saƙa kuma ba shi da dukiyar sarakuna, daga nan ya kamata ya fara. Gara mutum ya mallaki 'yar jakar gishiri ta gaskiya mai ulu mai sheƙi da rini mai kyau, ya riƙa juya ta a hannunsa har idonsa ya waye, da ya kwashi miliyoyi ya sayi ƙatuwar dardumar birni ta baya-bayan nan wadda aka saƙa irinta dubbai don kasuwar Turai.

Kuskuren da na fi gani a wurin masu sayenmu shi ne ƙirga ƙulli. Dillali zai juya maka bayan darduma ya ce ka duba yawan ƙullin da ke cikin kowace santimita, kai kuma ka ɗauka wannan shi ne ma'aunin daraja. Yawan ƙulli yana da amfani idan ana gwada dardumar Isfahan da 'yar'uwarta ta Isfahan, amma ba ya gaya maka komai game da dardumar makiyaya, kuma akwai sababbin dardumai masu ƙulli kamar yashi waɗanda ulunsu busasshe ne, launinsu kuma ba shi da rai. Haka nan a yi hattara da kalmar siliki, domin da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da wannan suna auduga ce da aka sa wa sheƙi da sinadari, ko kuma zaren masana'anta. Idan ka cire ɗan zare daga geza ka kusanta shi da ashana, siliki na gaskiya zai dunƙule ya yi warin ƙonannen gashi, ka murje shi ya zama gari, amma auduga za ta kama da wuta ta yi warin ƙonanniyar takarda. Ita kuwa dardumar inji, wadda ita ce mafi yawan abin da alhazanmu suke riƙowa, gezarta ɗinka mata ake yi daga baya, alhali gezar ta hannu ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka saƙa dardumar a kansa.

Rini kuwa shi ne fannin da na fi sani, kuma shi ne mafi girman mabuɗin shekarun darduma. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, duk launin da ke jikin darduma daga tsiro ko ƙwaro ko ma'adini yake fitowa. Shuɗi daga baba ne, wannan baban dai da marinanmu suka sani, ja daga saiwar wani tsiro da Farisawa ke kira runas ko daga wani ɗan ƙwaro da ake busarwa a daka, ruwan ɗorawa daga ganyaye da ɓawon rumman, kore kuma sai an tsoma zaren a shuɗi sannan a tsoma shi a ruwan ɗorawa. Irin wannan rini yana tsufa da kyau, yana laushi ba tare da ya mutu ba. Dardumar Pazirik da aka tono a 1949 daga wani kabari mai ƙanƙara a tsaunukan Altai na Rasha, wadda ta haura shekara 2,000 kuma take ajiye a gidan tarihi na Hermitage, har yanzu ana ganin janta. Baƙin rini na da kuwa ana haɗa shi da ƙarfe, shi kuma ƙarfe yana cin ulu a hankali, don haka idan ka shafa tsohuwar dardumar Baluci za ka ji wuraren baƙi sun lotsa sun fi sauran ƙasa, wannan kuma alama ce mai kyau ta shekaru.

A 1856 ne wani matashi Bature ɗan Ingila mai suna William Perkin ya gano rinin sinadari na farko, cikin 'yan shekaru kuma garin rini mai araha ya isa kasuwannin Turkiyya da Iran har ya kai ga tantunan makiyaya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da baba na sinadari kasuwa. Rinin sinadari na farko-farko ba ya jure rana ko wanki, musamman shunayya da ja mai haske da ruwan lemo. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka lanƙwasa dardumar a kan yatsanka har gashin ya buɗe ka ga gindin ƙullin. Idan saman gashin ya koma toka-toka amma gindinsa shunayya ne mai kaifi, ko ka ga ja ya zubo ya ɓata farin da ke kusa da shi, to akwai alamar sinadari, kuma wannan darduma ba za ta girmi shekarun 1860 ba ko da dillali ya rantse ta zamanin tsohuwar daular Safawiyya ta Iran ce. Sai dai kada mutum ya juya maganar ya ce duk mai rinin tsiro tsohuwa ce, domin tun 1981 wani masanin sinadarai Bajamushe, Harald Böhmer, tare da Jami'ar Marmara suka farfaɗo da rinin gargajiya a ƙauyukan yammacin Turkiyya ƙarƙashin wani shiri mai suna DOBAG, wasu ƙasashen kuma suka bi sahu. Waɗannan sababbin dardumai ne masu kyau da suka cancanci a saya, amma a kan kuɗin sabuwa, domin a wannan kasuwa sai abu ya cika shekara 100 ake kiransa na da.

Akwai kuma masu tsufar da darduma da gangan. Ana wanke sabuwa da sinadari don launinta ya dusashe, a jiƙa ta da ruwan shayi, a shanya ta a rana, a goge gashinta ya yi kamar ya sha tafiya. A ɗaya ɓangaren kuma ana ɗaukar tsohuwar da ta ƙoƙe har zaren tsaye ya fito a shafe wurin da tawada don kada a gani a hoto. Farin hankici da aka ɗan jiƙa ya isa ya tona wannan, ka goga shi a wurin da kake zargi ka duba ko ya ɗauko launi. Kada kuma wani ya ga kamar mu kaɗai ake yi wa haka, domin wani masaƙi ɗan ƙasar Romaniya mai suna Theodor Tuduc ya yi ta saƙa dardumai irin na Turkiyya na da a ƙarnin da ya wuce, har wasu suka shiga manyan gidajen tarihi na Turai suka daɗe a can kafin a gane su.

Labarin farashi shi ne yake jan mutane, don haka bari in faɗi guda biyu. A watan Yuni na 2013 gidan gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da wata dardumar Kirman ta ƙarni na 17, wadda ta fito daga tarin Sanata William Clark, a kan dala miliyan 33.7, alhali an yi hasashen ba za ta wuce miliyan 7 ba. Na biyun shi ne wanda ya fi damuna. A 2009 wata mata a Jamus ta kai wata tsohuwar darduma wani ƙaramin gidan gwanjo a garin Augsburg, aka ƙiyasta ta Yuro 900, aka sayar a kan abin da bai cika Yuro 20,000 ba. A watan Afrilu na 2010 wannan darduma dai ta bayyana a gidan Christie's na Landan, inda aka gane ta Kirman ce ta ƙarni na 17, aka sayar da ita fam miliyan 6.2. Matar ta kai ƙara kotu ba ta yi nasara ba. Darduma ɗaya ce, ba a ƙara mata ko ƙulli ɗaya ba a cikin watannin nan, abin da ya bambanta kawai shi ne hannun da ta faɗa ya san ko mece ce. Ya kamata kuma a faɗa wa mai saye gaskiya cewa irin waɗannan ɗaiɗaiku ne, mafi yawan tsofaffin dardumai ba sa ninka kuɗinsu, wasu ma idan ka tashi sayarwa ba za ka mayar da abin da ka kashe ba. Wanda yake neman riba kawai ya nemi wata hanyar.

Shi kansa gwanjon yana da tsarin da ya kamata a sani kafin a ɗaga hannu. Ƙiyasin da ake bugawa a littafin kaya ra'ayin gidan gwanjo ne kawai, sannan akwai wani farashi na ɓoye da mai kaya ya gindaya wanda ba za a sallama ƙasa da shi ba. Kuɗin da aka buga guduma a kansa kuma ba shi ne za ka biya ba, domin ana ɗora wa mai saye la'ada da ta kai kimanin kashi 25 cikin 100, wani wurin ma ta fi haka. Wato idan an sallama maka a kan fam 2,000, ka shirya fam 2,500 tun kafin a zo maganar haraji da kuɗin dako da inshora da canjin Naira. Haka kuma darduma da kafet sun yi shekaru cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta ƙasar nan ta hana shigo da su don kasuwanci, saboda haka wajibi ne mutum ya nemi bayani daga hukumar game da matsayin kayan tarihi kafin ya taya, kada kayansa su maƙale a tashar jirgi. Gidajen gwanjo suna sayar da kaya ne yadda suke, idan an buga guduma babu mayarwa saboda tsufa ko lalacewa, don haka ka nemi rubutaccen bayanin lafiyar dardumar, da hotunan bayanta da kusurwoyinta huɗu da bakinta biyu, ka tambaya ko an rage mata tsawo, ko an sake dasa mata gashi, ko an shafa mata launi. Ka kuma lura da lafazi, domin idan aka rubuta darduma mai zanen Tabriz, ba a ce maka a Tabriz aka saƙa ta ba, tana iya zama ta Indiya ko Pakistan.

Ta fuskar addini, jumhurin malamai sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya zuga wani, kuma hanin ya tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Na ambaci wannan ne saboda a manyan gidajen gwanjo na Turai da Amurka ƙa'idarsu ta yarda mai buga guduma ya riƙa ƙara tayi a madadin mai kaya har a kusa kai wa farashin ɓoyen nan, don haka kana iya jin kamar kana takara da wani alhali babu kowa. Maganin wannan shi ne ka yanke wa kanka iyaka tun kafin a fara, ka rubuta ta, idan an wuce ta ka janye hannunka. Akwai kuma kishiyar wannan, wato dillalai su haɗa baki su ƙi ƙara wa juna don kaya su faɗi da araha su raba ribar a bayan fage, abin da dokar Ingila ta haramta tun 1927, kuma duk wanda ya taɓa kai kayan gado kasuwa a ƙasar nan ya san wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Idan Allah ya sa darduma ta iso Kaduna lafiya, to a sani cewa asu da gara da laimar damina za su iya cinye cikin shekara ɗaya abin da ya rayu shekara ɗari a wani wuri. Kada a shimfiɗa ta a kan tayil ɗin da ake gogewa da ruwa kullum, kada a wanke ta da omo ko bilic, kada a bar ta inda rana ke dukanta ta taga, kuma idan za a ajiye ta a naɗe ta cikin farin ƙyallen auduga maimakon a ninke ta a cusa a leda. Dardumar Ardabil ma a cikin gilashi take, minti 10 kacal ake kunna mata fitila a kowane rabin awa saboda kare launinta.

Yanzu bari in dawo gida, domin a nan ne zuciyata ta fi karkata. Waɗannan gidajen gwanjo da muke taya dardumar Iran a cikinsu, su ne dai suke sayar da tsofaffin rigunan Hausa da Nupe, da luru, da barguna na ulu saƙar Fulanin Mali, kuma da irin idon da na bayyana a sama suke duba su: zaren kaɗin hannu ne ko na inji, rinin baba ne ko na gari, ɗinkin hannu ne ko na keke. Mu ma muna da saƙar maza ta sirarran ƙwarya da ake harhaɗawa, da saƙar mata mai faɗi ta cikin gida. Muna da saƙi da barage da gwado, da turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗi da shi, da tsamiya wadda siliki ce ta ƙasarmu, da alharinin da ayari ke kawowa ta hamada daga Tarabulus. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kai wa har Tarabulus da Timbuktu, kuma har gobe ana rini a marinar Ƙofar Mata. Rigar aska takwas ta gaske, wadda malami ya zana aka kwashe watanni ana ɗinka ta da tsamiya, aikinta bai gaza na dardumar birni ba ta kowace fuska. Garin nan namu ma da saƙa aka san shi tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, abin kunya ne a ce a nan ne aka rasa masu gane zare.

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Tudun Wada ya kawo mini rigar kakansa da suka samu a ƙasan adakar mahaifiyarsu bayan rasuwarta, ya ce wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya taya ta kuɗin shadda biyu. Da muka shimfiɗa ta a kan tabarma sai na ga saƙi ce, kowace ƙwarya faɗinta bai wuce yatsu biyu ba, an haɗa su da ɗinkin hannu ƙanana a jere. Zaren ba santsi ɗaya ba ne, wani wuri ya yi kauri wani wuri ya sirance, alamar mazari ke nan. Na juya bakin hannun na ga an shafe cikinsa da jan alharini, aikin wuyan kuma tsamiya ce da ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, har yanzu ana jin ƙamshin baba da turaren wuta a jikinta. Asu ya taɓa ta wuri biyu a baya, in ban da haka lafiyarta lau. Na roƙe shi kada ya sayar, kada kuma ya kai ta wurin mai wanki, ya zauna da dattawan gidansu su gaya masa wane ne ya sa ta, a wane gari, a wace hidima, ya rubuta ya ajiye tare da ita, domin a gwanjo kaya mai sanannen asali ya fi wanda ba a san inda ya fito ba kuɗi nesa ba kusa ba, a gida kuma wannan takarda ita ce za ta hana jikokinsa mayar da rigar tsumma. Ya ji shawarata, amma gidaje nawa ne a Zariya da Kano da Katsina da Bida aka fitar da irin wannan a kan kuɗin shadda biyu?

Mutane da yawa ba su san cewa akwai doka a kan haka ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sanya kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ba a fitar da su daga Nijeriya sai da izinin hukumar. Doka kaɗai ba za ta tsare riga a adaka ba idan mai ita bai san darajarta ba, shi ya sa nake kira ga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, da Arewa House, da malaman fannin saƙa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da su ware ranaku a shekara da jama'a za su kawo tsofaffin riguna da zannuwa da luru da dardumai a duba musu kyauta, a ɗauki hoto a rubuta tarihinsu, kowa ya koma gida da kayansa. A gayyato tsofaffin masaƙa da marina da maɗinka su zauna a wurin, domin su ne za su taɓa zare su faɗi garin da aka kaɗa shi, kuma kullum raguwa suke yi. Masu kuɗinmu da suka fara sha'awar gwanjon Landan su ma ina roƙonsu su ware wani kaso na abin da suke kashewa su riƙa sayen namu a kan farashi na adalci daga iyalan da larura ta sa dole su sayar, don kayan su zauna a ƙasar nan. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta buɗe wani ɗan shafi ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da hoton tsohuwar saƙar da ke gidansu, gaba da baya, masana su yi bayani a kanta da Hausa, ni ma a shirye nake in ba da gudummawata a kan abin da ya shafi rini.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, amin.

Wassalam.

Naku,
Mai sayar da darduma,
Tudun Wada, Kaduna.